LACCAR BATA: WA KE DUBA MUDUN MAI?

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa jama'a a Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, a kan gyaran hukumomin da ke kula da man fetur da iskar gas. Mun buga shi duka domin waɗanda ciniki ya hana su tsayawa.

 Iyayenmu da yayyenmu na Fagge da Sabon Gari, 'yan kasuwar Singa da Kantin Kwari da 'Yankura, direbobin bas da masu Adaidaita Sahu, 'yan dako da masu tura baro, sannunku da haƙuri.

Yau maganar mai za mu yi. Kowa a nan ya san kuɗin lita, ba sai mun faɗa masa ba. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne wanda doka ta ɗora wa aikin duba wannan lita, da wanda ya naɗa shi, da wanda ke biyansa. A nan kuwa matsalar take.

Ku 'yan kasuwa kun fi mu sanin wannan. Kowace kasuwa tana da mudu, tana kuma da mai duba mudu. In mai duba mudu shi ne mai hatsin, ko yaron mai hatsin, to mai saye ya shiga uku. Ba za a gan shi yana kuka ba, gama abin da ake rage masa kaɗan ne, amma kullum ne. Harkar mai ta Nijeriya haka ta daɗe, kuma za mu nuna muku da shekaru da lissafi.

YADDA AKA FARO

A 1956 kamfanin Shell-BP ya sami mai a Oloibiri, cikin ƙasar da yanzu ake kira Jihar Bayelsa. A 1958 aka fara fitar da shi waje. A 1969 gwamnatin soja ta yi dokar mai wadda ta danƙa kusan kome a hannun mutum ɗaya, watau minista. Shi ke ba da rijiya, shi ke ƙwacewa, shi ke yanka farashi. Wannan doka ta yi shekara 52 tana aiki.

A 1977 aka kafa NNPC. Abin mamaki, sai aka sa sashen masu duba harkar mai a cikin NNPC ɗin kanta. Kamfani yana haƙo mai, yana sayarwa, kuma masu duba shi suna ƙarƙashin inuwarsa. Wannan shi ne ba kura ajiyar nama. Sai a 1988 aka cire sashen aka mai da shi ma'aikatar mai da sunan DPR, amma a ƙarƙashin ministan nan dai wanda shi ne ke shugabantar NNPC. An fita ta ƙofar gaba, an komo ta ƙofar baya.

Ku ji abin da irin wannan iko ke haifarwa. A 1998, zamanin Janar Abacha, aka ba wani kamfani mai suna Malabu wani babban filin mai na cikin teku da ake kira OPL 245. Daga baya ta bayyana cewa ministan mai na lokacin, Dan Etete, yana da hannu a kamfanin. A 2011 Shell da Eni suka biya dala biliyan 1.3 a kan filin, kuma yawancin kuɗin bai shiga baitulmali ba. Biliyan ɗaya dai miliyan dubu ke nan. An yi shari'o'i har a Ingila da Italiya, kotun Milan ta wanke kamfanonin biyu a 2021. Ba hukunci muka zo yankewa ba. Abin lura shi ne dokar da ta bar mai rabo ya iya ba kansa.

ABIN DA YA SHAFE MU A KANO

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Kano da rijiyar da ke Fatakwal? Ruwansa da yawa. Tsakaninmu da Ikko kusan kilomita 1,000 ne. Saboda wannan nisa aka kafa asusun daidaita farashi a 1975, domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Ikko da Kano. Aka gina matatar Kaduna, aka buɗe ta a 1980, da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana. Aka ja bututu daga Kaduna zuwa daffon Hotoro, nan cikin garinmu. Da wannan tsari ya tsaya da ƙafarsa, da tanka ba za ta kwana uku a hanya daga kudu ba kafin mai Adaidaita ya sami abin zubawa.

To me ya faru? A 2020 ne NNPC ta fara buga lissafinta wanda akantoci suka bincika, shekara 43 bayan kafa ta. Lissafin 2018 ya nuna matatar Kaduna ba ta shigo da ko kwabo ba a wannan shekara, amma ta yi asarar sama da naira biliyan 60. Wane ɗan kasuwa ne a Kwari zai ajiye shago shekara guda ba ciniki, yana biyan yara da haya, maigidansa bai tambaye shi ba? Ba a tambaya ba domin mai tambayar da mai shagon gida ɗaya suke kwana.

Ku tuna Janairu 2012. Ranar sabuwar shekara aka tashi da lita ta koma naira 141 daga naira 65. Mutanen Kano suka fito, aka kwana a shataletalen Silver Jubilee, ƙasa duka ta tsaya, har gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Wannan fitowa ce ta sa Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike. Rahotonsa ya ce an tsara naira biliyan 245 domin tallafin mai a 2011, amma abin da aka biya ya haura naira tiriliyan 2.5. Kamfanonin da aka ba izinin shigo da mai sun tashi daga 19 a 2008 zuwa 140 a 2011. Waɗansu sun karɓi kuɗi a kan man da bai taɓa sauka a tashar jirgin ruwa ba. Kowace takardar biya kuwa sai da hukuma ta sa mata hannu.

Sa'an nan ga abin takaici. Shugaban wannan kwamiti, Faruk Lawan, ɗan majalisa daga nan Jihar Kano, kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 domin a cire sunan wani kamfani daga rahoton. An yanke masa hukunci a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024. Mun faɗi wannan ne domin ku gane ba maganar kudu da arewa muke yi ba. Ɓarnar ba ta da yare. Mai bincike ma yana bukatar idon jama'a a kansa.

A 2014 Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya gaya wa Majalisar Dattawa cewa dala biliyan 20 na cinikin ɗanyen mai ba su shiga asusun tarayya ba. A watan Fabrairu na shekarar aka dakatar da shi. Akantocin da gwamnati ta ɗauka daga baya suka ce NNPC ta maido dala biliyan 1.48. Tsakanin 20 da 1.48 akwai tazara mai yawa, kuma dalilin da ya sa aka yi ta jayayya shi ne ba wani littafi ɗaya buɗaɗɗe da kowa zai duba. Hukumar NEITI, wadda dokar 2007 ta kafa domin bin diddigin kuɗin mai, ta ce daga 2009 zuwa 2020 an sace ko an yi asarar ganga miliyan 619.7 na ɗanyen mai, kimanin dala biliyan 46. Mai ba allura ba ne da zai ɓace cikin rairayi. Da jirgin ruwa ake ɗaukarsa.

DOKAR 2021

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba za mu ɓoye ta don muna hamayya ba: an yi gyara. A 2000 Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin gyaran harkar mai, wanda marigayi Dokta Rilwanu Lukman na Zariya ya ja ragamar aikinsa. A 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka kai ƙudurin gaban majalisa. Ya mutu a can. Aka sake kai shi a 2012, ya sake mutuwa. A 2018 majalisa ta zartar da wani sashe, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu. Sai ran 16 ga Agusta 2021 ya sa hannu a kan cikakkiyar dokar. Shekara 13 a majalisa, jama'a. Yaron da aka haifa ranar da aka fara kai ta ya shiga sakandare kafin ta fito. Ƙungiyoyin farar hula da 'yan jarida da ƙungiyoyin ƙwadago da mutanen yankin da ake haƙar mai ne suka yi ta bugun ƙofa duk tsawon shekarun nan, ba su gaji ba.

Me dokar ta yi? Ta rushe DPR da hukumar farashi da asusun daidaita farashi. Ta kafa hukumomi biyu. Ta farko NUPRC, mai kula da haƙo mai daga rijiya. Ta biyu NMDPRA, mai kula da matata da bututu da daffo da tanka da gidan mai da masu sayar da gas na girki. Wannan ta biyu ita ce tamu, ita ce mai duba mudun da ake auna mana. Dokar ta mai da NNPC kamfani mai rijista kamar sauran kamfanoni, ta kuma ce kamfanonin mai su ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu domin garuruwan da ake haƙar mai.

A takarda an raba mai hatsi da mai duba mudu. To amma ku dubi hannun da ke riƙe da su duka biyu. Shugaban ƙasa ke naɗa shugabannin hukumomin nan, Majalisar Dattawa ta amince. Shi ke naɗa shugabannin kamfanin NNPC. Kuma Obasanjo ya riƙe kujerar ministan mai da kansa kusan duk mulkinsa, Buhari ya riƙe ta daga 2015 zuwa 2023, Tinubu ma da ya hau a 2023 ya riƙe ta. Majalisa tana iya kiran minista ta tsare shi da tambayoyi. Wa ya taɓa ganin an zaunar da shugaban ƙasa gaban kwamiti ana tambayarsa lissafin ganga?

ABIN DA MUKA GANI BAYAN DOKAR

A Fabrairu 2022, wata shida da sa hannu, aka shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Sai da ya shiga gidajen mai ya lalata injunan mutane sa'an nan aka farga. Aka janye shi, ƙasa ta shiga layin mai na makonni, 'yan bumburutu suka ci kasuwarsu. Ina mai gwaji yake sa'ad da jirgin ya sauke kaya?

Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya ƙare. Cikin kwana biyu lita ta koma naira 540 a Kano daga ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Da aka saki farashi, aikin mai duba mudu ya ƙaru ninki biyu. Famfon da ke rage maka kashi ɗaya cikin goma, sa'ad da lita take naira 1,000, naira 100 yake ɗauke maka a kowace lita. Mai Adaidaitan da ke shan lita 8 a rana ya yi asarar naira 800, a wata naira 24,000. Daga ina zai maido su? Daga aljihun matar da ta hau daga Bata zuwa Kurna.

Ran 15 ga Oktoba 2024 wata tanka da ta tashi daga Kano ta kife a Majiya cikin Jihar Jigawa, ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. A Janairu 2025 aka sake irinsa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, mutane da dama suka ƙone. Bayan nan ne hukuma ta hana tankar da ke ɗaukar lita 60,000 ɗaukar kaya daga 1 ga Maris 2025. Mun yaba da hanin, amma ihu ne bayan hari. Kuma dalilin da ya sa tankoki suka cika hanyoyinmu shi ne bututun da ya kamata ya kawo mai Hotoro ya daɗe a bushe.

Ga kuma bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, dala biliyan 2.8. A Yuni 2020 aka ƙaddamar da aikin, aka ce shekara biyu. 2022 ta wuce, 2023 ta wuce, 2024 ta wuce, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ba su ga gas ba, suna ta ƙona dizal, waɗansu sun sallami ma'aikata.

Na ƙarshe, matatar Alhaji Aliko Ɗangote a Ikko, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a Satumba 2024. Tun 2024 ake takun saƙa tsakaninsa da NMDPRA a kan ba da izinin shigo da mai. A Disamba 2025 ya fito fili ya zargi shugaban hukumar da almundahana, cikin 'yan kwanaki shugaban ya ajiye aiki. Zargi zargi ne, mu ba alƙalai ba ne. Amma darasi biyu muka ɗauka. Na ɗaya, sai da mafi arziki a Afirka ya buɗe baki sa'an nan kujera ta motsa. Mai shago a Singa wa zai saurare shi? Na biyu, Alhaji ɗan garinmu ne, muna alfahari da shi, amma shi ma mai hatsi ne, kuma babba. Muna son hukumar da za ta iya cewa a'a ga mai shigo da mai, ta ce a'a ga NNPC, ta ce a'a ga Ɗangote, in gaskiya ta kama.

WASU SUN YI, SUN GA AMFANI

Ƙasar Norwe ta sami mai a 1969, shekara 13 bayanmu. A 1972 ta raba aikin gida uku: ma'aikata mai tsara manufa, hukuma mai dubawa, da kamfani mai ciniki, kowa da littafinsa. A 1990 ta kafa asusun ajiya domin jikoki, a 2017 ya haura dala tiriliyan 1, kuma kowa yana iya ganin lissafinsa a intanet. Mu ma mun buɗe asusun rarar kuɗin mai a 2004, ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008. A 2022 abin da ya rage bai kai dala miliyan 1 ba. Ba su fi mu kai ba. Sun dai hana mai ajiya riƙe makulli shi kaɗai.

ABIN DA MUKE NEMA

Kafin mu lissafa, ku san wannan. Dokar 2021 ta ba NMDPRA kobo 50 cikin kowace naira 100 ta farashin sarin mai domin gudanar da aikinta, da wani kobo 50 domin asusun gina kayan aikin gas. Daga aljihunmu yake fita, ko da ba a rubuta mana a rasit ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka ba roƙo muke yi ba, hakkinmu muke bi.

Na farko, a gyara doka ta hana shugaban ƙasa riƙe kujerar ministan mai. A naɗa cikakken minista wanda majalisa za ta iya kira, wanda za a iya kora.

Na biyu, shugabannin hukumomin nan biyu a zaɓo su a fili, a buga abin da suka mallaka ranar shiga da ranar fita. Kada mutum ya sauka yau, gobe ya kama aiki a kamfanin da jiya yake dubawa. Kuma in za a cire shi, a faɗi dalili gaban Majalisar Dattawa.

Na uku, kowane wata hukuma ta buga lissafin kowace jiha: lita nawa aka loda domin Kano, nawa suka iso, wa aka ba izinin shigo da mai, me gwaji ya nuna, tarar nawa aka ci, nawa aka karɓa daga kobo 50 ɗin nan. A karanta shi da Hausa a rediyo, gama ba kowa ne ke da sukunin shiga intanet ba.

Na huɗu, kowane famfo a gidan mai da kowane sikeli a wurin ɗura gas a manna masa takarda mai kwanan watan da aka gwada shi. Gidan man da aka rufe saboda tauye mudu a faɗi sunansa, a kuma faɗi abin da ya biya kafin a buɗe shi.

Na biyar, duk rahoton da NEITI ta fitar majalisa ta zauna a kansa cikin ƙayyadadden lokaci, kuma kowace shekara a faɗa mana nawa aka ƙwato daga bashin da ta tono.

Na shida, dokar 2021 ta ce hukuma ta ji ra'ayin waɗanda abin ya shafa kafin ta yi ƙa'ida. To waɗanda abin ya shafa ba manyan kamfanoni kaɗai ba ne. A kawo zaman jin ra'ayi Kano, a ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da mata masu sana'a kujera.

AIKIN DA YA RAGE GARE MU

Kada mu watse mu ce an yi lacca mai daɗi. Jihar Kano tana da wakilai 24 a Majalisar Wakilai da sanatoci 3, Fagge kuma tana da wakilinta ita kaɗai. Kowace ƙungiya a kasuwa ta rubuta takarda mai buƙatun nan shida, membobi su sa hannu ko su dangwala, a kai masa, a karɓi shaidar ya karɓa. Ranar da ya dawo neman ƙuri'a, takardar nan ita ce gaisuwarmu da shi.

Akwai kuma dokar 'yancin samun bayani ta 2011. Ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, kuma ta ba ofishin kwana 7 ya amsa. Ba sai kana da digiri ba. Shugabannin ƙungiyoyi su rubuta wa ofishin NMDPRA na Kano su tambayi gidajen mai nawa aka gwada bana, nawa aka samu da laifi. In an amsa mun ƙaru, in an ƙi amsawa kotu tana nan.

Sa'an nan kowa ya riƙa karɓar rasit. In kana zargin famfo, ka saya a jarka mai awo gaban shaidu, ka kai ƙara ta hannun ƙungiyarka. Kada a yi faɗa da yaron da ke zuba mai, shi ma talaka ne ɗan'uwanmu, ba shi ya saita famfon ba. Kuma don Allah, in tanka ta faɗi a guje ta, a hana yara matsawa. Ba jarkar man da ta kai rai.

Waɗanda suka bi dokar 2021 sun yi shekara 13 suna bi kafin ta fito. Gyaran da muke nema yanzu bai kai wancan nauyi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan da ke kasuwar nan sun isa.